Daga Akwatin Waya Zuwa Akwatin Batir: Yadda Rediyo Ya Iso Ƙasarmu

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya



Mai girma shugaban taro, iyayenmu hakimai da dagatai, malamanmu, shugabannin rassan ƙungiya da suka taso daga Kano da Kaduna da Abuja da Legas, iyayenmu mata, da sauran 'yan'uwa 'yan asalin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, muna yi muku barka da zuwa, da fatan kun baro iyali lafiya.

Lokacin da kwamitin shirya taro ya ɗora mana nauyin yin magana a kan asalin rediyo, wasu daga cikinmu sun yi ƙorafi. Suka ce ina ruwan ƙungiyar raya ƙasa da tarihin akwati, alhali ga maganar tsaro, ga tsadar taki, ga hanyoyin da damina ta cinye? Ƙorafin nan yana da hujja, ba mu raina shi ba. Amma muna roƙon kowa ya tuna watan Satumba na shekarar 2021, sa'ad da aka katse layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da namu guda uku. Mu da ke birane muka wayi gari ba mu da hanyar jin muryar iyayenmu, aka yi watanni a haka. Su kuwa can gida, abin da ya rage musu na sanin halin da duniya ke ciki shi ne ɗan akwatin nan mai batir da da yawanmu muka riga muka ɗauka tsohon yayi ne. Tun daga lokacin muka ga ya kamata mu san yadda wannan akwati ya zo mana, domin a cikin tarihinsa akwai wani gibi da har yau ba mu cike ba.

Kakanninmu ba su zauna cikin duhun labari ba kafin zuwan Turawa. Sarki yana da manzanni bisa dawaki, hakimi yana da mai shela da ke zaga gari da yamma, tambari da kuge suna da ma'anar da kowa ya sani. Fatake da ke ratsowa daga Katsina zuwa Zazzau, ko daga Kano zuwa Zamfara, sukan sauke labari tare da kaya, ranar kasuwa kuwa ita ce jaridar talaka. Sai dai duk wannan labari gudun doki ne iyakarsa. Bayan da Turawa suka karɓi Katsina a 1903, sun ja wayar tangaraho tsakanin manyan garuruwa domin Razdan ya riƙa magana da Gwamna. Daga nan muka sami kalmar gidan waya. Shi ya sa ma da aka zo da na'urar da ke aika saƙo ba tare da waya ba, Bahaushe bai sha wahalar raɗa mata suna ba, ya ce wayar iska.

Ita wayar iska ba mutum ɗaya ya ƙirƙiro ta ba. Wani masanin kimiyya Bajamushe, Heinrich Hertz, shi ya tabbatar a wajen 1887 cewa akwai wasu igiyoyin lantarki da ke ratsa sarari ba a ganinsu. Wani saurayi ɗan Italiya, Guglielmo Marconi, ya ɗauki wannan ilimi ya mai da shi sana'a. Ya fara gwaji a gidan mahaifinsa a 1895, ya koma Ingila ya kafa kamfani, kuma a ranar 12 ga Disamba 1901 ya ba da sanarwar cewa ya kama saƙon da aka aiko daga gaɓar Ingila yana tsibirin Newfoundland, wanda yanzu yake cikin Kanada, wato saƙon ya ƙetare Tekun Atilantika. Amma ba murya ba ce aka aika, ƙwanƙwasa ce irin ta tangaraho, kuma jiragen ruwa ne suka fi cin moriyarta. Da jirgin Titanic ya nitse a 1912, wayar iska ce ta kira jirgin da ya tsamo mutum ɗari bakwai da 'yan kai.

Abin da muke kira watsa shirye-shirye, wato mutum ɗaya ya yi magana dubbai su saurara a lokaci guda, sai bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kankama. A ranar 2 ga Nuwamba 1920 tashar KDKA da ke birnin Pittsburgh na Amurka ta watsa sakamakon zaɓen shugaban ƙasa. A 1922 aka kafa BBC a Landan. Shekaru goma bayan haka, ranar 19 ga Disamba 1932, BBC ta buɗe sashen da ke aika shirye-shirye a kan gajeren zango zuwa ƙasashen da Ingila ke mulka, kuma Legas na cikin wuraren da aka kafa na'urar kama su. A nan ne labarin ya shigo ƙasarmu.

To, ga inda muke so a tsaya a lura. Rediyon da ya fara zuwa Nijeriya ba ta iska ya shiga gidajen mutane ba, ta waya ya shiga. Tsarin da gwamnatin mulkin mallaka ta buɗe wa jama'ar Legas a 1935, wanda ta kira Radio Distribution Service, ga yadda yake aiki. Akwai tasha guda a cikin gari mai babbar na'ura da dogayen eriya, ita ce ke kama Landan. Sai ta ƙara wa sautin ƙarfi, ta tura shi cikin wayoyin da aka ja bisa turaku, kamar na tangaraho, zuwa gidan duk wanda ya yi rajista. Abin da ke gidan mutum akwatin katako ne da lasifika a ciki, an kafe shi a bango. Ba ya buƙatar wutar lantarki a gidan, ba ya buƙatar batir. Ana iya ƙara murya ko a rage, amma ba a iya sauya tasha, domin babu wata tashar da za a sauya zuwa gare ta. Kuma akwatin haya ne, ana biyan kuɗinsa a kai a kai. Ibadan ta sami nata a 1939, Kano a 1944, sannan aka bi da sauran manyan garuruwan Arewa irin su Kaduna da Zariya da Jos da Katsina.

Me ya sa Turawa suka zaɓi wannan hanya? Dalili na farko kuɗi ne. Rediyon wancan zamani mai kama tasha da kansa babban kaya ne mai tsada, yana aiki da wasu ƙwayaye masu kama da ƙwan fitila waɗanda ke shan wuta ƙwarai, sai Bature ko babban attajiri. Dalili na biyu kuwa ya fi na farko nauyi, shi ne iko da abin da kunne zai ji. Tun 1934 Italiya take watsa shirye-shirye da Larabci daga birnin Bari, Jamus ta bi sahu daga 1939, suna zuga Musulmin da ke ƙarƙashin Ingila da Faransa. BBC kanta sai da ta buɗe sashen Larabci a 1938 domin mai da martani. Ƙasa irin tamu, mai malamai da ke jin Larabci, kuma wadda aka kwashi samarinta zuwa yaƙin Habasha da na Bama, ba ƙasa ce da mai mulki zai so kowa ya riƙa murɗa akwati yana kama abin da ya ga dama ba. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a 1939, da majigin da ake zagawa da shi garuruwa, da akwatin waya, duk 'yan ɗaki ɗaya ne ta wannan fuska. Wannan ba ya rage darajar aikin da su Abubakar Imam suka yi, amma gaskiya ce da ya kamata a faɗa.

A Kano, bayan akwatunan cikin gidaje, an kafa lasifikoki a wuraren taruwar jama'a, mutane su yi cincirindo suna sauraro. Mafi yawan abin da ke fitowa Turancin Landan ne, sai ɗan lokacin da aka keɓe wa Hausa, a karanta labarai, a yi sanarwar En'e, a sa makaɗa. Ba kowa ne ya karɓi abin hannu biyu ba. Akwai malaman da suka yi ɗari-ɗari da murya marar jiki, musamman da aka zo maganar sa karatun Alƙur'ani a cikin na'urar da ke fitar da kiɗa. Kada mu yi musu dariya. Tambayar da suka yi, wato wa ke magana a cikin akwatin nan kuma me yake nufi da mu, ita ce tambayar da ya kamata mu riƙa yi wa wayoyin da ke aljihunmu a yau.

Ina Ƙanƙara a cikin wannan tsari? Babu ita. Waya tana ƙarewa ne inda turaku suka ƙare, turaku kuwa ba su wuce birni da Sabon Gari da unguwar Turawa ba. Ba wanda zai ja waya daga Katsina zuwa Ƙetare ko Pauwa ko Daudawa ko Damari saboda akwati biyar. Audugar da iyayenmu suka noma tana isa Funtuwa, ta hau jirgin ƙasa ta tafi har Ingila, amma muryar Ingila ba ta iso gonar da aka noma audugar ba. Wanda ya ji akwati a wancan lokaci daga yankinmu, to, ya je birni ne, ko ɗan makaranta, ko ma'aikacin En'e, ko falke, ya dawo yana ba da labari a zaure ana yi masa kallon mai ƙari.

Abubuwa uku ne suka haɗu kafin rediyo ya zama namu.

Na farko, an saki waya an koma iska. A 1951 gwamnati ta kafa hukumar watsa labarai ta ƙasa, NBS, wadda ta girka na'urorin watsawa a Legas da hedikwatocin jihohi, har da Kaduna, a 1957 kuma aka mai da ita hukuma mai cin gashin kanta, NBC. Siyasa ta ƙara wa abin gudu. A 1953 Gwamna Macpherson ya soki jam'iyyar Awolowo ta rediyo, aka hana Awolowo damar mai da martani. Da tsarin mulkin 1954 ya ba jihohi ikon kafa gidajensu, Jihar Yamma ta buɗe nata a 1959, ta Gabas a 1960. Gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello ta kafa kamfanin BCNN tare da kamfanonin Ingila biyu, Granada da EMI, aka fara watsa shirye-shirye daga Kaduna a watan Maris 1962. Wannan shi ne gidan Rediyon Kaduna da muka taso da shi a kan mita 49. Gajeren zango yana da wata baiwa: igiyarsa takan haura sama ta daki wani rufi na sararin samaniya ta dawo ƙasa can nesa, shi ya sa tashar da ke Kaduna ko Landan take isa rugar da ko hanyar keke babu.

Na biyu, harshe. A nan muna da abin alfahari na kusa. Ranar 13 ga Maris 1957 BBC ta fara watsa shiri da Hausa, na minti 15, kafin Suwahili da Somaliyanci da suka biyo baya a cikin shekarar. Muryar da aka fara ji a ranar ta Malam Aminu Abdullahi Malumfashi ce. Malumfashi dai ga ta nan, maƙwabciyarmu, kasuwarmu ɗaya, aurenmu ɗaya. Yaranmu nawa ne suka san cewa Hausar da ta fara fita daga Landan zuwa duniya Hausar wannan yanki ce? Daga baya sauran ƙasashe suka shigo: Jamus da Sin a farkon shekarun 1960, Muryar Amurka a 1979, Faransa a 2007. A maƙwabciyarmu Nijar kuwa an buɗe gidan rediyon Yamai a 1958. Manomin da bai taɓa shiga aji ba ya wayi gari manyan ƙasashen duniya suna gasar neman kunnensa da harshen uwarsa. Mun sha ganin ɗan boko ya zo gida hutu yana taƙama, dattijo a gindin bishiya ya gyara masa sunan firaministan wata ƙasa.

Na uku, kuma a ganinmu shi ne mafi girma, batir. Tun a 1949 aka gwada wani rediyo mai araha a ƙasar da yanzu ake kira Zambiya, wanda kamfanin Ever Ready ya ƙera da jiki irin na tukunyar girki, ana sayar da shi fam 5. Amma abin da ya sauya komai shi ne wata 'yar ƙanƙanuwar na'ura da aka ƙirƙiro a Amurka a 1947, taransista, wadda ta maye gurbin ƙwayayen nan masu shan wuta. A 1954 aka fara sayar da rediyo mai taransista, kamfanonin Japan suka shiga ƙera shi da yawa, farashi ya faɗo. Kafin ƙarshen shekarun 1960 wanda ya sayar da auduga ko gyaɗa da kaka yana iya komawa gida da akwati a bayan keke. Ba haya, ba waya, ba izinin kowa, kuma ga abin murɗawa. Ranar da talaka ya sami ikon sauya tasha da yatsunsa, ranar ce dabarar akwatin bango ta mutu.

Waɗanda suka taso a wancan zamani daga cikinmu ba sa buƙatar a ba su labarin abin da ya biyo baya. Mun ga rediyo cikin rigar fata, rataye a kafaɗar makiyayi ko a ƙahon keke. Mun ga an sagale shi a reshen bishiya ana noma. Mun shanya batir a rana don ya ƙara kwana biyu, mun ɗaura waya a kan dogon gora don tasha ta fito sosai. Mun ga amarya da rediyo cikin kayan ɗaki. Ta wannan akwati iyayenmu suka ji mummunan labarin 15 ga Janairu 1966, da Manjo Nzeogwu ya yi jawabi daga gidan Rediyon Kaduna bayan an kashe Sardauna, ta nan kuma suka bi labarin yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, da 'ya'yansu a bakin daga. Ta nan tafsirin watan azumi ya shiga har cikin ɗakunan iyayenmu mata da ba sa fita. Ta nan muryar Alhaji Mamman Shata, wanda ya yi zamansa a Bakori da Funtuwa, ta kai inda ƙafarsa ba ta taka ba. Da aka kawo shirin bunƙasa noma na Funtuwa a 1975, wanda ya haɗa da gundumomin Ƙanƙara da Faskari, malaman gona sun tarar da manoman da kunnensu ya riga ya saba da jin maganar takin zamani da ingantaccen iri. Ba mamaki da aka haɗe gidan cikin hukumar rediyon tarayya a 1978, jama'ar Arewa suka tsaya kai da fata cewa kada a rage masa ƙarfi.

Akwai shiri guda da ya shafe mu kai tsaye, mu mazauna birane, wato Zaɓi Sonka. Tun kafin a yi wayar salula, ɗan Ƙanƙara da ke aikin masaƙa a Kaduna ko dako a Legas yakan cike katin gaisuwa ya aika gidan rediyo, ya jero sunan mahaifi da mahaifiya da abokai da unguwa. Ranar da aka karanta, gari ya ɗauka: an ji wane a rediyo, yana nan lafiya. Idan muka duba da kyau, aikin da wannan ƙungiya take yi na haɗa na waje da na gida, rediyo ya riga mu farawa.

Yanzu mu dawo kan gibin da muka ambata da farko. Tun daga akwatin bango har zuwa yau, magana daga birni take fitowa ta nufo mu. An ƙirƙiro Jihar Katsina ranar 23 ga Satumba 1987 ta sami gidan rediyonta. Dokar 1992 ta ba 'yan kasuwa damar kafa tashoshi, aka buɗe Raypower a Legas a 1994, Freedom a Kano a 2003, wasu suka biyo baya har a birnin Katsina. Amma akasarinsu a kan zangon FM suke, shi kuwa FM ba ya tafiya nesa kamar gajeren zango, kuma mai tasha yakan kafa ta ne inda masu talla suke. Wato turakun nan na 1944 ba su gushe ba, sun sauya kama ne kawai. Sunan garinmu ya cika gidajen rediyon duniya a watan Disamba 2020, da aka sace ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, har Allah Ya sa aka sako 344 bayan kwana shida. Duniya ta ji labarinmu, amma daga bakin wasu. Kuma da zarar ƙura ta lafa, sai masu ɗaukar labari suka naɗe kayansu. Farashin masara a kasuwar Sheme, da cutar da ta kama shanu a wani ƙauyen Sabuwa, da ranar da za a yi allurar rigakafi a 'Yargoje, da hanyar da ba ta biyuwa yau, ba labarai ba ne a Landan, amma su ne labaran da ran mutanenmu ya rataya a kansu. In kunne ya ji, jiki ya tsira, in ji masu iya magana, to amma sai akwai mai faɗa.

Saboda haka muna gabatar wa wannan taro shawara, a tattauna, a gyara. Ƙungiya ta fara da abin da take iyawa, wato sayen fili na mako-mako a wata tasha da aka tabbatar ana kama ta sosai a ƙauyukanmu, ba wadda mu muke ji a mota a birni ba. A tura matasa su zaga da akwati su gwada kafin a biya ko kwabo. Shirin ya zama na noma da kiwo da lafiya da makaranta da sanarwar gari, da muryoyin mutanen gida, maza da mata, Hausawa da Fulani. Daga nan kwamiti ya binciki sharuɗɗan lasisin rediyon al'umma a wurin hukumar da ke kula da gidajen watsa labarai ta ƙasa, tun da gwamnatin tarayya ta amince da rukunin farko na irin waɗannan tashoshi guda 17 a 2015. A cikinmu akwai injiniyoyi, akwai lauyoyi, akwai waɗanda suka yi ritaya daga aikin jarida, kuma hasken rana ya sauƙaƙa matsalar wuta.

Wajibi ne mu faɗi haɗarin tun yanzu. Tasha a yankin da ake zaman ɗar-ɗar wuƙa ce mai kaifi biyu. Duniya ba ta manta rawar da wani gidan rediyo ya taka a kisan ƙare-dangin Ruwanda a 1994 ba. In har tasharmu za ta zama bakin wani ɗan siyasa, ko wurin jifan wata ƙabila da laifin 'yan ta'adda, ko inda za a faɗi abin da zai jefa wani ƙauye cikin hatsari, to gara ba a kafa ta ba. Dokokin da za su hana haka su ne aikin farko na kwamiti, kafin maganar gini ko na'ura.

Akwai kuma ƙaramin aiki da ba ya buƙatar lasisi ko gidauniya. Labarin akwatin farko da ya shigo Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, da gidan da aka ajiye shi, da yadda aka taru a kansa, yana bakin dattawanmu, kuma kullum raguwa suke yi. Muna roƙon duk wanda zai je gida da sallah mai zuwa ya zauna da mahaifinsa ko kakarsa, ya ɗauki muryarsu a wayarsa, ya miƙa wa sakataren reshensa. Wanda kuma yake da tsohon akwati a ɗakin ajiya, ko katin Zaɓi Sonka, ko kaset na wani tsohon shiri, kada ya yar. Kwamitin mujalla ya yi alkawarin ware shafuka domin abin da aka tattaro a fitowa ta gaba.

 Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mai da kowa gidansa lafiya.